Maganin da Ba Ya Fitowa Ta Tagar Ɗakin Magani

 

Mai karatu, idan kana da hawan jini ko ciwon suga, ko kana jinyar wanda yake ɗauke da su, ka san yadda ganin likita yake ƙarewa. Zai rubuta maka ƙwayoyi, ya ce ka rage gishiri da maiƙo, sannan kana shirin miƙewa ya ƙara da cewa ka riƙa motsa jiki. Ka ce to. Ƙwayoyin za ka zo wurinmu ka karɓa ko ka saya a kemis, gishirin kuma uwargida za ta yi iya ƙoƙarinta, amma motsa jikin a bakin ƙofar asibiti ake barinsa. Mu da muke zaune a bayan taga muna ƙirga ƙwayoyi, a katinku muke ganin sakamakon. Wanda ya fara da amlodifin miligiram 5 ya koma 10, bayan shekara an ƙara masa lisinofiril, gaba kaɗan metfomin ya shigo, kuɗin maganin wata ya fara gogayya da kuɗin cefane.

Yau faɗa zan yi, kuma da mutum biyu. Na farko kai ne, da ka yarda cewa hawa keke zubar da girma ne. Na biyu shi ne wanda ya tsara titin unguwarku kamar duk wanda ba ya cikin mota bai cancanci ya isa gida da rai ba. Zan yi misali da Kano domin ita na sani, amma mutumin Kaduna ko Sakkwato ko Maraɗi zai gane garinsu a ciki.

Bari mu fara da abin da ya tabbata, don kada a ce sha'awa ce kawai. A shekarar 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikatan manyan motocin haya masu hawa biyu na birnin Landan. Direba da kwandasta mota ɗaya suke shiga, iska ɗaya suke shaƙa. Bambancinsu shi ne direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar kwandastoci sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon zuciya, kuma idan ya kama su bai cika kashe su nan take ba kamar yadda yake yi wa direbobi. Fiye da shekara 70 ke nan da sanin cewa zama yana kisa.

Wanda ya fi taɓa sana'ata shi ne binciken rigakafin ciwon suga da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002. An ɗauki mutum 3,234 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka raba su gida uku. Wasu aka ba su ƙwayar da ba ta da magani a ciki, wasu aka ba su metfomin, wasu kuma aka sa su rage nauyin jiki da kashi 7 cikin ɗari tare da motsa jiki na minti 150 a mako. Bayan kimanin shekara uku, metfomin ya rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin ɗari. Gyaran abinci da motsa jiki ya rage shi da kashi 58. Metfomin magani ne mai kyau, kullum ina miƙa shi ta taga, kuma ba na jin kunyar hakan. Amma a wannan gwaji ƙafa da kwano sun kusa ninka shi.

A kan keke shi kansa, masu bincike na Jami'ar Gilasgo sun bi mutum 263,450 a Birtaniya na tsawon kimanin shekara biyar, suka wallafa a 2017. Waɗanda suke zuwa aiki a kan keke, idan aka kwatanta da masu zuwa a mota ko jirgin ƙasa, haɗarin mutuwarsu a wannan lokaci ya yi ƙasa da kashi 41 cikin ɗari, na kamuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 46. Adalci shi ne in gaya maka cewa irin wannan bincike lura ne, ba gwaji ba. Mai yiwuwa wasu sun hau keke ne domin da ma lafiyarsu ƙalau. Masu binciken sun yi lissafin shan taba da ƙiba da abinci sun cire, amma duk da haka tazarar ba ta ɓace ba. Ga mai hawan jini kuwa, motsa jiki mai ɗorewa yana sauke lambar sama da maki 5 zuwa 8, abin da ba shi da nisa da aikin ƙwaya ɗaya. Tsokar cinya idan tana aiki tana zuƙe suga daga jini, kuma jiki yakan ƙara jin insulin har kwana ɗaya ko biyu bayan haka. Shi ya sa ake cewa mai ciwon suga kada ya wuce kwana biyu a jere ba tare da motsi ba.

Za ka ce to me ya sa sai keke, tafiyar ƙasa ba ta isa ba? Ta isa, kuma wanda ya riƙe ta ya ci gaba. Sai dai akwai abu biyu. Yawancin waɗanda nake gani sun haura shekara 45, da tumbi, da gwiwa mai ƙara, kuma tafiyar minti 30 da sauri a kan wannan gwiwa azaba ce. A kan keke sirdi ne yake ɗaukar nauyin, gwiwa juyawa kawai take yi. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Motsa jikin da aka ware masa lokaci na musamman shi ne ake fara yankewa idan hidima ta yi yawa. Wanda yake ɓoye cikin zuwa kasuwa ko wurin aiki ba ya yankewa, domin tafiyar dole ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako. Minti 15 zuwa, minti 15 dawowa, kwana biyar, ka cika mafi ƙarancin. A tafiyar keke ta dattako wannan bai wuce kilomita 3 ko 4 a kowace tafiya ba, kuma Kano gari ne shimfiɗaɗɗe. In ka cire Dala da Gwauron Dutse, ina tudun da zai sauke ka?

To ina gizo yake saƙar? A cikin kawunanmu. Kakanninmu da iyayenmu sun hau Raleigh da Phoenix da alfahari. Malamin makaranta, malamin gona, duba-gari, ɗan kasuwa mai rufin asiri, duk a kan keke suke, ana goge shi ana yi masa ado. Da yawa daga cikinmu a kan keken haya muka koyi tuƙi, ana ƙirga mana minti. Sai babur ya zo, sai mota, muka mayar da keke ma'aunin karayar arziki. Yau idan magidanci mai albashi ya fito a kan keke, kafin azahar labari ya kai gidan surukansa cewa wane ya shiga wani hali. Wannan tsoron ne yake sa mutum ya hau babur don tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba, ko ya tsaya rabin sa'a yana jiran a daidaita sahu.

Abin dariyar shi ne, wannan keken idan aka cire masa tayoyi aka kafe shi a ɗaki mai sanyi, aka ce sai an biya kuɗin wata kafin a hau, sai ya zama na manya. Alhaji zai shiga mota ya ƙona fetur ya je ya taka fedar da ba ta kai shi ko'ina, ya dawo yana ba da labari. Mai gadinsa da yake takawa daga Rijiyar Lemo kullum shi ake kallo da tausayi, alhali a gwajin jini sau da yawa mai gadin ne abin sha'awa. Kafin ƙarshen watan Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000 a wurare da yawa. Na san gidajen da ake raba ƙwayar hawan jini biyu don ta kai ƙarshen wata, amma ba a taɓa tunanin rage kuɗin mai ta hanyar sayen keke ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce girman kai rawanin tsiya.

Akwai kuma camfe-camfen da ake fakewa da su. Wai keke yana kashe ƙarfin namiji. An yi bincike a kan maza kusan 4,000 daga ƙasashe daban-daban, aka wallafa a 2018, aka kwatanta masu keke da masu gudu da masu ninƙaya, ba a samu cewa masu keke sun fi su matsalar mazakuta ko ta fitsari ba. Sirdi mai tauri da ya ɗaga baki sama zai iya sa gaba ya yi sanyi ko ya dinga tsira na ɗan lokaci, kuma maganin wannan gyaran sirdi ne da miƙewa tsaye a kan feda jefi-jefi. Abin da yake kashe ƙarfin namiji da gaske, wanda muke gani a asibiti kullum, shi ne ciwon suga da hawan jini da taba, domin su ne suke lalata ƙananan jijiyoyin jini. Mutum yana gudun keke don kare abin da zaman da yake yi yake cinyewa, sannan ya je ya sayi maganin ƙarfin maza a bayan mota, wanda ba ya san abin da aka zuba a ciki ba. Wai kuma keke yana kawo basir. Ba ya kawo shi. Wanda basir ɗinsa ya tashi zai ji zafin zama a sirdi, sai ya huta har ya lafa. Taurin bayan gida da yunƙuri su ne kan gaba wajen jawo shi, motsi kuwa yana taimaka wa hanji.

Yanzu ga uzurin da ba zan raina ba, domin gaskiya ne: titi yana kisa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Matar da ta hana mijinta hawa keke a titin Zariya ba jahila ba ce. Ta san tirela.

Amma a duba inda laifin yake. A 2001 marigayi Cif Ojo Maduekwe, ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, ya yi ta kira ga 'yan Najeriya su koma keke, har shi da kansa ya riƙa hawa a Abuja. Wata rana motar bas ta ture shi ya faɗa kwata. Ƙasa ta ɗauka da dariya, aka mayar da shi abin barkwanci, aka rufe maganar. An bar jaki ana dukan taiki. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, wane irin babban birni ne wannan, da aka zana shi a takarda tun daga tushe, amma ko minista ba zai iya taka keke a cikinsa ya tsira ba?

Dubi Kano ta shekarun nan. An yi gadar sama a Ƙofar Nasarawa, an yi a Dangi, an yi a Hotoro, an haƙa ta ƙarƙashin ƙasa a Kabuga. Ayyuka ne manya, kuma sun rage cunkoso a wasu wurare. Amma ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka nuna mini inda aka ware wa mai keke. Duk faɗin da aka ƙara wa titi, gudu aka ƙara wa mota, kuma gudun nan ne yake raba rauni da mutuwa. Shi ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Istokhom a 2020 ya nemi a tsaida gudu a kilomita 30 a sa'a duk inda motoci suke cuɗanya da masu ƙafa da masu keke. A unguwanninmu da zarar an zuba sabuwar kwalta, layin da yara suke wasa jiya ya zama filin tsere, sai an buge yaro sannan matasa su fito da diga su yi tudun rage gudu da kansu.

Idan kana neman titin da za ka taka keke hankali kwance a Kano, kowa zai nuna maka Nasarawa da Bompai: titin Sultan, Lamido Crescent, kewayen Filin Sukuwa, inda bishiyoyi suka yi inuwa kuma motoci ba su da yawa da sassafe. Wato inda Turawa suka tsara wa kansu. Mutanen Ɗorayi da Kurna da Sheka da Bachirawa da Na'ibawa, waɗanda su ne mafi yawa kuma su ne suka fi cika layin asibitin gwamnati, me aka bar musu? An yanka unguwanni fuloti-fuloti, filin da aka bari don makaranta ko wasa an bi shi an sayar, kududdufai an cike an gina, katangar makarantu ta zama jerin shaguna. A watan Yunin 2023 an yi rusau a Filin Sukuwa da Filin Idi da wasu wurare, aka yi ta muhawara a rediyo da kotu a kan wa ya sayar, wa ya saya, wa zai biya diyya. Ba zan shiga wannan rigima ba. Abin da ya dame ni shi ne, a duk hayaniyar nan muryar da ta ce buɗaɗɗen fili kayan aikin lafiya ne, kamar gadon asibiti, ba ta yi ƙarfi ba. Wuraren shaƙatawar da muke da su kuma yawanci na lilo ne da ɗaukar hoto ranar Sallah, ko na biki, da kuɗin shiga a ƙofa. Dattijo mai ciwon suga da yake son ya zagaya sau biyar da safe ba shi aka gina wa ba.

Gwamnatin da ta sayar da fili ta sami kuɗi sau ɗaya. Injin wankin ƙoda kuwa sau biyu ko uku a mako yake neman kuɗi, daga aljihun iyali, har sai gida ya ƙare ko mai ciwon ya ƙare. Hawan jini da ciwon suga suna cikin manyan abubuwan da suke kai mutum kan wannan inji.

Kada a ce mini wannan sai Turai. Bogota, babban birnin Kolombiya, gari ne mai cunkoso da talakawa da yawa. Tun 1974 suka fara rufe tituna ga motoci, yau kuma duk Lahadi da ranakun hutu, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana, sama da kilomita 120 na titi na masu keke ne da masu tafiya. Kigali ta Ruwanda ta fara nata a 2016, yanzu sau biyu a wata ake yi da safiyar Lahadi, kuma a wurin ake auna wa mutane jini da suga kyauta. Mu ma ai mun iya rufe titi. Muna rufewa don hawan Sallah, muna rufewa idan babban baƙo zai wuce, kuma Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaida zirga-zirga da safe don tsaftar muhalli. Dabarar muna da ita, niyyar ce babu.

Kafin su farka, kai ba za ka zauna jira ba, domin jininka ba ya jira. Ga yadda za ka zana wa kanka hanya a unguwarku. Ka fara binta da ƙafa, a daidai lokacin da kake son ka riƙa fita, ka ga ramuka da buɗaɗɗun kwalbatoci da inda karnuka suke. Ka nemi zagaye na kilomita 2 ko 3 a cikin layuka, wanda ba ya tsallaka babban titi, ka riƙa maimaita shi; gajeren zagaye kusa da gida ya fi doguwar tafiya, domin idan jiri ya ɗebe ka ba ka yi nisa ba. Tunda a hannun dama muke tuƙi, ka tsara zagayen yadda duk kwanar da za ka sha ta dama ce, ka ga ba za ka taɓa ratsa gaban motar da take tahowa ba. Kada ka tuƙa kana fuskantar motoci da sunan kana ganinsu; direban da yake fitowa daga layi ba ta nan yake duba ba. Ka ba a daidaita sahu tazara, domin ganin fasinja yake taka birki ba sigina. A mahaɗa kada ka taɓa tsayawa a gefen tirela ko tifa, direban ba ya ganinka, kuma idan ya karya kwana tayar baya ce take shiga inda kake. Titin Zariya da na Katsina da na Haɗeja da bayan gari inda manyan motoci suke bi, ka bar su. Wanda yake da izinin shiga harabar jami'a ko wata babbar makaranta ya sami tsuntsu daga sama gasasshe.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan sallar Asuba da gari ya fara wayewa, kafin 'yan makaranta su fito. Ka sa tufa mai haske, ka ɗaure ƙafar wando kada kaca ta kama, ka gyara birki da ƙararrawa, ka sa fitila gaba da baya. Hular kwano tana rage mummunan raunin kai da fiye da rabi, kuma ta fi ɗinkin kai araha. Ka ɗaga sirdi yadda idan feda ta kai ƙasa gwiwarka ta kusa miƙewa. Yawancin masu kukan keke ya sa musu ciwon gwiwa, sirdinsu ne ya yi ƙasa. Ka fara da minti 10, ka ƙara minti 5 duk mako. Ma'aunin ƙarfi mai sauƙi ne: ka iya magana, amma kada numfashi ya ishe ka rera waƙa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, da zafi yake haura digiri 40, hantsi na yi ka sauka. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari, musamman ga mai asma, a haƙura.

Sai ɓangaren da ya fi zama nawa, kuma ina roƙon ka karanta shi sau biyu. Idan kana shan gilibenkilamaid, wanda aka fi sani da Daonil, ko kana allurar insulin, keke zai iya faɗar da suganka, wani lokaci ana cikin tafiya, wani lokaci bayan sa'o'i har cikin dare. Ka auna kafin ka fita. Idan bai kai 100 ba, wato 5.6 a ɗaya ma'aunin, ka ci wani abu tukuna. Ka riƙe dabino uku ko sukari mai ƙwaya huɗu a aljihu, da ka ji rawar jiki ko gumi mai sanyi ko gani ya dushe ka sauka ka ci. Kada ka yi allurar insulin a cinya sannan ka hau keke, tsokar da take aiki tana saurin zuƙe shi. Ka yi a ciki. Metfomin shi kaɗai bai cika faɗar da suga ba. Mai ciwon suga kuma ba ya taka feda da silifa, takalmi rufaffe zai sa, ya duba tafin ƙafarsa idan ya dawo.

Mai shan atenolol ko furofanolol ya sani cewa suna hana zuciya saurin bugawa, don haka ƙirga bugu ba zai nuna masa ƙarfin aikin da yake yi ba, kuma suna iya ɓoye alamun faɗuwar suga. Mai shan maganin sa fitsari, irin su Lasix da Moduretic, ruwa yana saurin ƙare masa. Ya tafi da gora, sai dai idan likita ya ƙayyade masa ruwan sha saboda zuciya ko ƙoda. Mai shan amlodifin ko lisinofiril kada ya tsaya cak daga gudu, ya sassauta na minti biyar, in ba haka ba jini zai taru a ƙafa jiri ya kwashe shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗabi'ar haɗiyar daikulofenak ko aibufurofen don ciwon jiki. Idan suka haɗu da lisinofiril da maganin sa fitsari a jikin da ya yi gumi ya bushe, ƙoda ce take biyan bashin. Farasitamol ya wadatar. Wanda aka ba sifiro ko danginsa ya dakata da wahalar da jiki har ya gama ya huta, domin suna iya raunana jijiyar agara. Piriton da duk maganin da yake sa barci ba a hawa titi da su. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko ƙaramar faɗuwa ya yi ya bugi kai, asibiti zai nufa. Mai asma ya sa Ventolin a aljihu.

Idan awonka ya kai 180 bisa 110, ranar ba ta keke ba ce, ta likita ce. Wanda yake da ciwon zuciya, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko suga ya taɓa masa ido, ko yana da gyambo a ƙafa, ko mai sikila, da mai juna biyu, su nemi izinin likitansu kafin su fara. Ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe fiye da ƙima, ko zuciya ta riƙa tsalle, a sauka nan take. Kuma kada in ji an ce mai magani ya ce a bar ƙwaya a hau keke. Ka ci gaba da shan maganinka, ka riƙa rubuta awonka a littafi, bayan wata biyu ko uku ka kai wa likita. Idan lambobin sun sauka, shi zai rage, ba kai ba.

Na san duk wannan magana kamar da maza nake yi, alhali ƙiba ta fi yawa a mata, kuma su ne suka fi rashin wurin motsi. A Wagadugu mata suna taka keke zuwa kasuwa da goyo a baya, ba wanda yake waiwaye. A nan al'ada ba ta saba ba, kuma ba zan ce wa uwar 'ya'ya ta fita titi gobe ba. Amma makarantun 'yan mata masu katanga suna nan a kulle duk Asabar da Lahadi. Me zai hana a buɗe su sa'a biyu da safe, mata zalla, da kekuna goma na haya? Maigidan da ya iya sayen talabijin mai faɗin bango zai iya sayen keken motsa jiki na ɗaka. Yara kuma, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna buƙatar minti 60 na motsi kullum, a saya musu keke da hula tare, a tsare su a layi har sai sun mallaki hankalin titi.

Abin da ya rage na masu iko ne, kuma kai ne za ka kai musu, ta hannun mai unguwa da kwamitin masallaci da ƙungiyar ci gaban unguwa, da kuma duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a. Duk sabuwar kwaltar da za a zuba a cikin unguwa a yi ta da tudun rage gudu da fitila tun farko. Duk babban titin da za a faɗaɗa a ware gefe ɗaya da dakalin siminti, domin fenti kaɗai kafin mako ya zama tashar a daidaita sahu da teburin mai shayi. Filin da ya rage a unguwa a sa shi a takarda, a kewaye shi, a dasa dalbejiya, a zagaya shi da siririyar hanya, a bar ƙofarsa a buɗe daga Asuba. Sannan a gwada abin Kigali. Ƙananan hukumomi takwas ne a cikin birnin Kano da kewaye. Kowace ta zaɓi titi ɗaya na kilomita biyu, a rufe shi ga injina daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safiyar Lahadi sau ɗaya a wata, masu faci su kawo kekunan haya, ɗaliban aikin jinya da na harhaɗa magunguna su kafa tebur a bakin titin da na'urar awon jini da ta suga.